Fina-finan ɓarin wutar 'yan daba: me ɗan kallo ke tafiya da shi bayan an kashe bos?

Duk lokacin da wani sabon fim ɗin 'yan daba ya fito ya yi tashe, irin wanda gungu biyu ke ɓarin wuta a tsakiyar titi ko a wani kangon sito, sai an tado da tsohuwar muhawarar nan. Wasu su ce fim ɗin ɓata tarbiyya yake yi yana koya wa yara son bindiga, wasu kuma su ce haba dai, ai faɗakarwa ce, ba ku ga mummunan ƙarshen da bos ɗin ya yi ba? Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Masu cewa faɗakarwa ce suna magana ne a kan minti biyar na ƙarshe, alhali ɗan kallo ya shafe awa biyu yana tare da mutumin nan yana hawa yana ƙara hawa. Masu cewa koyar da kisa ne su ma sun yi gajen lissafi, don yawancin abin da mutane ke ɗauka daga irin fina-finan nan ba harbin ba ne, shiga ce da tafiya da yanayin magana da kwarjinin da ake ba mutum idan ya shigo waje kowa ya yi tsit.

Abin ya samo asali ne tun shekarun 1920 a Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnati ta haramta sayar da giya, sai harkar ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, kuɗi suka yi yawa, rikicin iyakar unguwa ya ɓarke, sunan Al Capone na Shikago ya cika jaridu. A Fabrairun 1929 aka jera mutum 7 a jikin bangon wani gareji a birnin aka buɗe musu wuta. A daidai wannan tsakanin ne kuma fim ya fara magana, daga 1927, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga irin wannan fim, don bindigar da ba a jin ƙararta ai rabin bindiga ce. Ga kuma karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, bankuna sun rushe, miliyoyin mutane ba aiki, to ka kawo wa irin waɗannan mutanen labarin yaron talaka ɗan baƙin haure da ya ƙi jiran kowa ya ƙwaci rabonsa da ƙarfin tsiya, me kake tsammani? Little Caesar da The Public Enemy suka fito a 1931, Scarface na farko ya biyo baya a 1932, gidajen sinima suka cika.

Nan fa hankalin manya ya tashi. Masana'antar fim ta Amurka tana da kundin ƙa'idoji da aka rubuta a 1930, wanda ake kira da sunan Hays, amma sai a 1934 aka fara aiki da shi da gaske. Cikin abin da ya ce har da kada a karkatar da tausayin ɗan kallo zuwa ga mai laifi, kuma kada a nuna dabarun aikata laifi dalla-dalla. Tun kafin nan ma Scarface ya sha wahala a hannun masu tacewa, sai da aka ƙara wa sunansa wani jela mai cewa abin kunyar ƙasa ne, aka manna rubutun gargaɗi a farko, har aka ɗauki wani ƙarshen daban inda kotu ke yanke wa jarumin hukuncin rataya. Daga nan ne wannan doka da har yau take bin irin fina-finan nan ta kafu, wato bos ya yi duk abin da zai yi amma dole ya mutu ko a kama shi kafin a kunna fitila. Su kuma furodusoshi ba su rasa dabara ba, a 1935 sai ga James Cagney, wanda ya yi suna da fitowa a ɗan daba, ya fito a jami'in gwamnati a fim ɗin G Men. Harbin nan dai shi ne, zafin kan nan shi ne, bajo kawai aka rataya masa, masu tacewa kuma suka yi shiru.

Wani abu da ya faru a Yulin 1934 ya isa ya nuna iyakar wannan faɗakarwar. John Dillinger, ɗan fashin bankin da ake nema ruwa a jallo a lokacin, jami'an tsaro sun harbe shi ne a ƙofar wani gidan sinima a Shikago yana fitowa daga kallo. Fim ɗin da ya je kallo, Manhattan Melodrama, labarin ɗan daba ne da aka zartar wa hukuncin kisa a ƙarshe. Wato mutumin da ya fi kowa buƙatar darasin ya biya kuɗinsa ya shiga don nishaɗi.

Kuma wannan dabarar ta gyara ƙarshe ba ta mutu ba. Infernal Affairs na Hong Kong, na 2002, wanda Martin Scorsese ya maimaita a matsayin The Departed, yana da wani ƙarshen na daban da aka yi saboda kasuwar babban yankin Sin, inda ake cafke ɗan leƙen asirin 'yan daban maimakon ya sha. Tunanin dai ɗaya ne da na 1932, wai in an ga ankwa a hannunsa shikenan an wanke sauran fim ɗin.

Matsalar ita ce mutuwar bos ba ta rage masa komai a idon ɗan kallo, sau da yawa ma ƙara masa take. Ka duba yadda ake kashe su mana. Yaran gungu suna faɗuwa goma-goma ba wanda ya san sunansu, harsashi ɗaya ya wadatar, amma shi sai an tara masa runduna, an sa masa kiɗa, an rage gudun hoto, ya sha harsashi ashirin yana tsaye yana zagi. Wannan ai ba hukunci ba ne, karramawa ce. Wani mai sharhi, Robert Warshow, ya yi rubutu a kan haka tun 1948, abin da na fahimta daga maganarsa shi ne ɗan kallo riba biyu yake ci, ya more hawan mutumin tare da shi, sannan ya more faɗuwarsa ya koma gida hankali kwance da cewa gara da bai bi wannan hanyar ba.

Yanzu bari mu shiga kicin ɗin abin, yadda ake haɗa harbin kansa, don a nan ne darakta ke yanke shawarar abin da za ka ji a ranka ba tare da ya faɗa maka ba. A da, in an harbi mutum a fim sai ya dafe ƙirji ya sulale, babu jini babu komai. Bonnie and Clyde na 1967 ne ya sauya wasan a Amurka. An ɗaura wa 'yan wasan ƙananan abubuwan fashewa da jakunkunan jinin bogi a ƙarƙashin kaya, aka ɗauki fitowar ƙarshe da kyamarori da dama kowace da irin gudunta, sai jiki ya riƙa girgiza yana yagewa a gaban idonka. Shekara ɗaya bayan nan, a 1968, aka jingine kundin Hays aka koma tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo. Manyan masu sharhi da yawa sun yi wa fim ɗin kaca-kaca da farko, matasa kuwa suka yi ta tururuwa, har mai sharhin mujallar Newsweek ya sake kallo ya fito fili ya janye sukar da ya yi. Wannan saɓanin tsakanin masu alƙalami da masu sayen tikiti zai yi ta dawowa.

Daga nan hanya ta rabu. Akwai masu mayar da harbi rawa, uban tafiyarsu John Woo na Hong Kong, daga A Better Tomorrow na 1986 zuwa The Killer da Hard Boiled. Bindiga biyu hannu biyu, mutum na shawagi a iska yana harbi, harsashi ba ya ƙarewa sai lokacin da labari ke buƙatar ya ƙare, kuma abin da ake sayar maka a ƙarƙashi amana ce tsakanin abokai. Manyan fina-finan kudancin Indiya na yanzu irin su KGF sun ɗauki wannan sun ninka shi, jarumi ya zama kusan ba mutum ba, mutane na fito da ihu a sinima tun daga shigowarsa kafin ma ya ɗaga bindiga.

Akwai kuma masu son ka ji kamar kana wajen. Fitowar fashin banki a Heat na Michael Mann, 1995, har yau ita ake buga misali da ita. An ba 'yan wasan horo na gaske a kan riƙon bindiga da sauya gidan harsashi da yadda ɗaya ke kare ɗaya yayin ja da baya, kuma maimakon a ɗora ƙarar harbi daga situdiyo kamar yadda aka saba sai aka bar ainihin ƙarar da aka naɗa a titin Los Angeles, tana dukan dogayen gine-gine tana dawowa, ba kiɗa a kai. In ka lura abin da ke sa irin wannan fitowar ta kama mutum ba yawan gawa ba ne, sanin waye ke ina ne, ina mota take, ina mafita, saura harsashi nawa. Daraktan da bai iya ba shi ne zai yi ta girgiza kyamara yana yanka hoto duk rabin daƙiƙa, ka gama kallo kanka na ciwo ba ka san wa ya harbi wa ba.

Sai kashi na uku, masu son abin ya yi maka muni. Satya na Indiya a 1998, City of God na Birazil a 2002, Gomorrah na Italiya a 2008. A nan harbi gajere ne, na tsoro, yaro ne ke riƙe da bindigar hannunsa na rawa, ana kashe mutum a bayan gida ko kan matakala babu wani jawabin bankwana. Wannan ya fi kusa da gaskiya, don musayar wuta ta zahiri yawanci 'yan daƙiƙu ce, mafi yawan harsasai ba sa samun wanda aka nufa, ƙofar mota ba ta tare harsashin babbar bindiga, kuma wanda ya kauce ɗin nan yana iya ratsa bango ya samu wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan mutum na bayan bango shi ne fim ɗin rawa ba ya taɓa nuna maka.

(A gefe guda, ko harbin wasan ma ba wasa ba ne. Ɗan wasa Brandon Lee ya mutu a wajen ɗaukar fim a 1993, haka mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021, duka ta hanyar bindigar da aka ɗauka ba ta da haɗari. Shi ya sa da yawa yanzu suka koma ƙara walƙiyar bakin bindiga da jini da kwamfuta.)

To me mutane ke ɗauka? Tarihi ya amsa wannan sau da yawa kuma amsar kusan ɗaya ce. A Sophiatown ta Afirka ta Kudu a shekarun 1950 akwai gungun da sunansu ma Amurkawa, saboda kaya da motocin fina-finan Amurka da suke kwaikwayo, kuma an rubuta yadda matasa suka ɗauki halayen bos ɗin da Richard Widmark ya fito a The Street with No Name na 1948, har da cin tuffa da shaƙa wani ɗan abin mura a hanci, alhali fim ɗin an yi shi ne don yabon hukumar FBI. A Hong Kong bayan 1986 samari suka dinga sa doguwar kwat irin ta Chow Yun-fat, jarumin A Better Tomorrow, da baƙin tabarau a garin da zafi da gumi ke kashe mutum. Scarface na 1983, na Al Pacino, masu sharhi da dama sun ce shirme ne mai yawan jini da ashar, amma kaset ɗin bidiyo ya raya shi, mawaƙan hip hop suka mayar da bos ɗin fim ɗin, Tony Montana, gwarzonsu, hotonsa ya hau riguna da bangon ɗakuna. Mutumin da ya kashe amininsa, ya jawo mutuwar ƙanwarsa, ya ƙare a cikin kwamin ruwa fa kenan. Ba wanda ya buga wannan a riga, abin da aka buga shi ne farar kwat da kujerar mulki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu masu harkar na gaske 'yan kallo ne, kuma sun fi kowa ɗaukar abin da zafi. Lokacin da ake shirya The Godfather na 1972 wata ƙungiyar Italiyawan Amurka da Joe Colombo ke jagoranta, shi kansa shugaban ɗaya daga gidajen mafiya na New York, ta matsa sai da aka cire kalmar mafiya daga rubutun fim ɗin, amma bayan ya fito sai ga 'yan mafiyar da kansu suna yabonsa suna ɗaukar salon maganarsa, don ya ba su wata martaba da dattakon da a zahiri ba su da shi. A kusa da Napoli ta Italiya wani jigon Camorra, wato mafiyar yankin, Walter Schiavone, gida ya gina irin na Tony Montana, wanda daga baya gwamnati ta ƙwace. Marubucin Italiya Roberto Saviano a littafinsa na 2006 a kan Camorra ya kawo yadda matasan 'yan bindiga suka koma karkata bindiga a kwance irin na fim, saiti ya lalace, suna raunata mutum a ƙasan jiki maimakon abin da suka yi niyya. Sai kuma Rédoine Faïd na Faransa, ɗan fashin motocin kuɗi wanda ya tsere daga kurkuku da jirgi mai saukar ungulu a 2018, wanda ya taɓa miƙewa a wani taro a Paris ya shaida wa Michael Mann cewa Heat ne malaminsa. Kun ga ashe abin zagaye yake yi, fim ya kwafi titi, titi ya kwafi fim, darakta na gaba ya zo ya kwafi titin da ya riga ya zama kwafi.

Amma a yi hattara a nan, don daga waɗannan labaran ne mutane ke tsalle su ce to ai ga hujja, fim ke haifar da 'yan daba. Duk waɗanda na lissafa sun riga sun shiga harkar ko suna bakin ƙofarta, fim ɗin tufafi ya ba su. Miliyoyin da suka kalli Heat ba su fasa banki ba. Masu bincike ma kansu bai haɗu ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, sun fitar da nazari a 2009 bayan sun duba alƙaluman Amurka na kusan shekara goma, suka ga a ranakun da fina-finan tashin hankali suka fi tara jama'a a sinima laifukan duka da rauni raguwa suke yi. Dalilin ba wai fim ya shiryar da kowa ba ne, kawai samarin da suka fi saurin shiga rigima suna zaune a kujera awa biyu ba sa mashaya. Wannan kuwa lissafin dare ɗaya ne, bai ce komai a kan yaron da ya girma da kallon abin shekara da shekaru ba. A ɗaya gefen, wani gwaji da aka wallafa a 2017 a Amurka ya nuna yara 'yan shekara 8 zuwa 12 da aka nuna wa fim mai bindiga, da aka bar su a ɗakin da aka ɓoye bindigar gaske wadda aka gyara yadda ba za ta yi harbi ba, sun fi daɗewa riƙe da ita kuma sun fi danna kunamar fiye da waɗanda aka nuna wa fim ɗin an cire bindigogin. Ni abin da na ɗauka daga biyun shi ne babba mai hankalinsa da ƙaramin yaro ba kallo ɗaya suke yi ba, kuma fim ɗin da ya samu yaro a gidan da akwai bindiga a durowa ya fi wanda ya same shi a gidan da babu haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani ɓangaren 'yan kallo da ba a cika tambayarsu ba, wato mutanen unguwar da aka yi fim ɗin a kanta. City of God ya samu shiga takarar Oscar a rukuni huɗu, duniya ta yaba, amma mazauna ainihin unguwar a Rio da dama sun koka cewa sunan unguwarsu ya zama tabo, mai neman aiki ya faɗi adireshinsa a kalle shi a karkace. Mutanen Medellín a Kolambiya haka suka yi ta fama bayan Narcos na Netflix ya fito a 2015, baƙi na zuwa ɗaukar hoto a gidajen Pablo Escobar, babban dillalin hodar ibilis, a garin da har yanzu akwai iyayen da ya kashe wa 'ya'ya, har a Fabrairun 2019 hukumar birnin ta rushe benensa na Monaco ta mayar da wajen dandalin tunawa da waɗanda aka kashe. Nisan da ke tsakaninka da ƙarar bindiga ta gaske shi ke yanke irin kallon da za ka yi. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙasa don tsoron harsashi ba zai iya cewa kai, wannan fitowar ta yi kyau.

Kuma darakta ba shi da iko a kan abin da za a yi da fim ɗinsa ko da niyyarsa ta fi madara fari. John Singleton ya yi Boyz n the Hood a 1991 takanas don ya ce wa samarin unguwarsu su ajiye bindiga, amma a daren farko aka yi harbe-harbe a gidajen sinima a garuruwa da dama, mutum ɗaya ya mutu, gommai suka ji rauni, saboda gungu masu gaba da juna sun haɗu a layin tikiti ɗaya, laifin kuma aka ɗora wa fim ɗin. José Padilha ya yi Tropa de Elite a 2007 yana ganin yana fallasa azabtarwar da 'yan sandan Rio ke yi, kwafin sata ya bazu kafin ma a sake shi, sai ga jama'ar da 'yan ƙwaya suka ishe su suna tafa wa Kyaftin Nascimento daidai lokacin da yake shaƙe yaro da leda. Wasu suka ce fim ɗin 'yan kama-karya ne, alƙalan bikin Berlin kuma suka ba shi babbar kyautarsu a 2008. Fim ɗaya fa.

Yanzu kuma wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. Da yawan matasa ba su taɓa zama sun kalli Scarface ko Peaky Blinders daga farko har ƙarshe ba amma sun san Tony Montana da Tommy Shelby sarai, ta gutsuren daƙiƙa talatin a TikTok da YouTube, an yanko shigowarsa ɗaki da busa sigarinsa da harbin, an ɗora kiɗa mai nauyi da wani rubutun wai namiji ba ya neman afuwa. Hukumomin tace fim har yanzu cikakken fim suke zama su kalla su ba shi shekaru, su yi ta ja-in-ja da furodusa a kan ƙarshensa, alhali mai yanka gutsuren ba ya kai wa nan, kuma manhajar da ke tura shi ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ruwanta da lambar da aka rubuta a jikin fosta.